Ranar da Na Ɗora Surukina a Sikeli

Saura kaɗan in fasa ba da wannan labarin. Na sha zama a shagon shayin Indiyawa da ake kira mamak, na bakin layinmu a unguwar Danau Kota ta Kuala Lumpur, shayi a gabana, 'yan uwa sun kewaye ni suna cewa, "Sakatare, ba mu na jirgi mana." Sai in ɗauko musu na ranar da saniya ta shigo mana fili ta ƙi fita, ko na Baturen da ya sauka a gonar kwakwar manja ya fito da tururuwa har cikin kunne. Irin waɗannan ina da su buhu-buhu. Wannan ɗin kuwa, duk sanda ya taso min maƙogwaro sai in kurɓi shayi in mayar da shi. To amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana dariya da labarin mutane, bai kamata a ce nasa ne kaɗai yake da murfi ba. Don haka ga shi.

Ni dai ɗan yawo ne. Na yi Jidda, na yi Khartum, na yi Kwatano, na yi Guangzhou har na iya cinikin takalmi da yatsu. Da ƙafa ta fara nauyi sai na tsaya a Kuala Lumpur, ina nema wa yaranmu gurbin karatu, in tarbo su a filin jirgi, in sama musu ɗaki, in kuma riƙa yi wa iyayensu rantsuwa a waya cewa ɗansu yana zuwa aji. A masallacin benenmu na haɗu da wani dattijo Bamalaye, tsohon matuƙin jirgin fasinja da ya yi ritaya, kowa Kyaftin yake ce masa. Shi ne ya ja ni wata Asabar zuwa wani fili can bayan gari, a tsakiyar gonakin kwakwa, ya ce in zo in ga jirgin da ba ya shan mai.

Na ɗauka zolaya ce. Ashe gaske ne. Wani farin abu ne siriri, fiffikensa dogo kamar ba zai ƙare ba, babu inji, babu farfela, kujera biyu kawai, ɗaya gaba ɗaya baya. Ana ɗaura masa doguwar waya, wani inji a can ƙarshen fili ya riƙa naɗe ta da gudu, sai ka ga abin ya miƙe sama kamar ana jan guga. In ya kai, a saki wayar. Daga nan kuma sai dabara: matuƙi ya nemi inda iska mai zafi take tashi ya riƙa kewaya a cikinta, yadda shirwa take yi a kan mahauta. Ranar da aka fara ɗaga ni, na karanta duk abin da na haddace tun ina yaro, har da wanda ba na wurin ba. Da muka sauko na ce a sake.

Ƙungiyarmu ta ƙasa ce, haka takardarmu ta ce, duk da in ka tara mu gaba ɗaya ba za mu cika bas ba. Ban daɗe ba suka naɗa ni sakatare, ba don na fi kowa iya tuƙi ba, a'a, don sun lura ni kaɗai ne zan iya wuni a bencin ofis ban yi fushi ba. Wanda ya ci layin biza da fasfo ɗinmu, wane ofis ne zai ba shi tsoro?

Aikin kuwa ba wasa ba ne. Abin da mutane ba su sani ba, sararin sama ma yana da masu shi. Hukumar jiragen sama ce take ara mana wani yanki Asabar da Lahadi, da iyakarsa ta gefe da ta sama, domin manyan jiragen da suke gangarowa birni ta kanmu suke bi. Da safe in buga waya a buɗe mana, da yamma in buga in ce mun gama, ga samanku nan mun dawo da shi lafiya. Ɗan abin da membobi suke tarawa kuma, inshora ce take lashe rabinsa tun bai huce ba. To ana nan sai wani babban mutum mai sarauta ya zo a ɗaga shi, aka tambaye shi nauyinsa, ya rage wa kansa abin da ya kai ɗan rago. Jirgin ya rinjaya gaba, suka sauko da ƙarfi, cikin jirgin ya tsage. Ba wanda ya ji ciwo, amma inshora da hukuma suka haɗa baki suka ce in aka kuma, mu nemi wata sana'ar.

Ni na kawo dokar da ta cece mu, kuma na yi ta taƙama da ita. Duk wanda zai hau, ko wane ne, sai ya goya lemar tsirarsa ta dirowa daga sama, ya hau sikeli a gaban jirgi a bainar jama'a, sakatare ya faɗi lambar da ƙarfi, matuƙi ya maimaita. Ba raɗa, ba "ai na san nauyina". Wanda ya zarce a ba shi haƙuri da ruwan sanyi. Wanda kuma bai kai ba, irin 'yan mata da yara, a ɗaure masa fallayen dalma ƙarƙashin kujera, don in gaba ya yi sakayau jirgin ɗaga hanci yake yi ya ƙi jin magana. Na auna masu sarauta, na auna furofesoshi, na auna matan manya suna hararata. Har suna aka sa min da yarensu, wai Mai Sikeli.

Sai surukina ya zo.

Bari in gaya muku waye shi. Dillalin hatsi ne a Kano, mai motocin dakon buhu, mutum ne wanda in ya zauna a zaure sai ka ga zauren ya ƙanƙance. Ranar da na je gaishe shi da maganar 'yarsa, ban ga fuskarsa ba, kuma har muka tara yara ban taɓa ganinta da kyau ba. Ƙafafunsa na sani da zanen dardumarsa. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Shi ma bai taɓa kama sunana ba. In zai yi min magana, ko ina tsugune a gabansa, sai ya dubi 'yarsa ya ce, "Ki ce wa Malam kaza."

Ya ce ya zo ganin jikokinsa ne, waɗannan da in ka ce musu "ina kwana" sai su amsa maka da Turanci. Ya sauko daga jirgi cikin babbar riga ta shadda, ta sha sitaci tana tsaye da kanta, a wannan zafin na Kuala Lumpur da ko singileti nauyi take yi wa mutum. Mai ɗakina ta dube shi ta ce, "Baba, ka faɗa a fuska."

Ya ce, "Likita ne ya raba ni da tuwon dare. Hassada ce kawai."

Aka yi dariya, magana ta wuce. Ya tare a ɗakin baƙi, a can ake kai masa abinci, ni kuma na koma baƙo a gidana. In yunwa ta kama ni sai in sulale shagon mamak, ko in yi tapau, wato a ƙunshe min, in ci a mota kamar ɓarawo.

Wata safiya na shiga gaishe shi, ina tsugune, sai na ji ya ce wa 'yarsa, "An ce Malam yana da jirgin da ba shi da inji."

Ta ce, "Ba nasa ba ne, Baba, na ƙungiya ne."

"Na hau mai inji zuwa Makka, na hau zuwa nan. Ban ji komai ba sai ƙara da kukan 'ya'yan mutane. Ki ce masa Asabar zan je a ɗaga ni."

Na ce, "To, Allah ya kai mu." Me zan ce?

Amma na san akwai rigima. A lissafina, mutumin nan ya zarce iyakar kujerar gaba da nisa. Ke nan ranar Asabar zan sa surukina ya tuɓe babbar riga, in ɗora shi a sikeli kamar buhun dawa, in shelanta nauyinsa a gaban Malayawa da 'yan China, sannan in ce masa ba zai hau ba. Ni, da ban taɓa ce masa ko "a'a, na gode" ba. Na roƙi mai ɗakina ta lallashe shi ya fasa. Ta ce, "Abban yara, jirginka ne, surukinka ne. Ni 'yar kallo ce." Tana faɗa tana dariya, don ita abin ya yi mata daɗi.

A tsakiyar makon muka yi zaman kwamiti a wani shago a Sri Petaling. Na kawo maganar a hankali, ina kewaye-kewaye, wai ko akwai yadda za a yi wa dattijo baƙo sassauci. Ai kuwa kamar na jefa nama cikin kuraye. Ma'ajinmu, wata 'yar China likitar haƙori, wadda na taɓa auna uwar mijinta a gaban kowa har suka yi wata guda ba sa magana a gida, ta ajiye cokali ta ce, "Haba! Yau Mai Sikeli ne yake neman sassauci? Inshora ba ta san suruki ba, lah." Wannan "lah" ɗin jelar magana ce, kowa a can yana liƙa ta.

Kyaftin yana murmushi ya ce, "In sikeli ya ce boleh, wato an yarda, ni ma boleh. Ni zan ɗaga shi da kaina."

Sauran suka ce wallahi ko mai zazzaɓi a cikinsu sai ya zo ranar Asabar. Ni kuma da na ga an taso ni, sai na buga ƙirji na ce doka doka ce, za su gani. Wannan bugun ƙirjin ku riƙe shi, shi ne ya kai ni ya baro.

Na yi addu'ar ruwa. A garin da ake ruwa kusan kullum, ranar nan sai gari ya waye tas, 'yan gizagizai farare sun jeru kamar an baza auduga, irin ranar da masu jirginmu suke mafarki. Muka bar yara wajen maƙwabta. Surukina a kujerar gaba, ni ina tuƙi ina kallon titi kamar yau na fara ganinsa, mai ɗakina a baya. Da muka isa na buga wa masu kula da zirga-zirgar jirage waya, ina fatan su ce yau akwai wani babban baƙo, an rufe sama. Mutumin ya ce, "A buɗe yake, ku sha iska." Ban taɓa jin haushin kirkin mutum irin na ranar ba.

Ofishinmu kwantena ce, a nan muke ajiye lemomi. Na kai shi ciki, kaina a ƙasa, na ce, "Baba, sai an ɗan rage kaya. Lemar ba ta zama a kan babbar riga."

Ya dubi ƙofa. Na gane, na tura ta.

Ya cire babbar rigar. A ƙarƙashinta jamfa. Ya cire, sai ga wata jamfar. Ƙarƙashin wannan kuma rigar sanyi ce mai kauri. Da ya ɗaga ta, sai na ga mayafi an naɗe shi an kewaye ciki da shi, an soke da fil. Ya warware shi a hankali, ya ninke, ya ɗora a kan kujera. Abin da ya rage a tsaye a gabana, cikin 'yar shara da wando, ban san shi ba. Wuyansa kamar na tulun da aka kankare, kafaɗa duk ƙashi, hannu kamar sandar makiyayi. Sai a lokacin na tuna tun zuwansa nake ganin takalminsa yana yi masa yawa, ni da ƙafar ce kawai nake kallo, amma ban kawo komai a raina ba.

Na goya masa lemar. Tana da maɗauri a ƙirji, da wasu biyu da suke bi ta tsakanin cinyoyi, kuma dole wanda ya iya ne zai ɗaura. Na durƙusa a gaban surukina ina cusa hannu inda ko a mafarki ban taɓa zaton zan kai shi ba. Na ja maɗaurin har ƙarshensa, bai kama ba. Na sake ja, ina tsoron kar in ji wani abu ya ɓalle.

Sai na ji murya a kaina. "Malam, ja da kyau. Ba zan karye ba."

Karo na farko ke nan da ya yi min magana ba ta bakin kowa ba. Na ja, na nannaɗe ragowar na cusa. Ina nan durƙushe ya ƙara da cewa, "'Yar tawa ba ta san da ciwon nan ba. Na zo in ga yaran ne in koma ɗakina."

Na ce, "To, Baba."

Kun san abin da "to" take nufi a irin wannan wuri. Ba sai an kawo Alƙur'ani ba.

Ya ɗauki babbar rigar ya yafa a kan lemar. Doka ba ta yarda ba, amma na ce a raina nauyin riga nawa yake, a cire a bakin jirgi. Da tudun lemar a bayansa, sai ya fito ya fi da girma. Muka nufi jirgi yana gaba ina biye, yana taku irin na zaurensa.

Duk sun zo, har da waɗanda rabona da su tun taron shekara. Sun yi da'ira, ana ta murmushi. Ma'aji ta harɗe hannu a ƙirji. Mai ɗakina ta ɗaga waya tana ɗauka, wai za ta tura wa 'yan uwa a Kano. Kyaftin yana can gefen jirgi yana duba kujera, ya juyo ya kara hannu a kunne, yadda yake yi kullum in yana jiran lamba.

Na nuna sikeli na ce, "Baba, a hau nan."

Ya hau. Allurar ta motsa kaɗan ta tsaya, tun ba ta je ko'ina ba.

Abin da ya fara zuwa min, Allah ya yafe min, daɗi ne: ashe ba sai na hana shi ba. Na biyu kuma, idanun nan da suke kaina. Tsakanina da Kyaftin taku kaɗan ne. Da na taka na faɗa masa a kunne, ko na yafito shi ya zo ya duba da idonsa, da jirgi bai san bambanci ba, inshora ma haka. Na san wannan a lokacin, ba daga baya na gano ba. Amma ga ma'aji tana jira ta ga ko Mai Sikeli zai yi raɗa yau, ga bakin da ya saba shekara da shekaru. Sai na ji muryata ta fita, da Turanci, da ƙarfi, irin yadda nake yi wa kowa.

Ba zan rubuta lambar a nan ba. Na riga na faɗe ta fiye da yadda ya kamata.

Kyaftin ya dubi wannan tulin shaddar, ya dube ni. Ya ce, "Nawa? Sake faɗa, lah!"

Na sake. Har na ƙara murya.

Ya maimaita kamar yadda dokata ta ce, sannan ya juya ya ƙwala wa na kusa da kwantena kira, "A kawo dalma! Duka!"

Murmushin da'irar nan ya ɗauke kamar an kashe fitila. Mai ɗakina ta taɓa hawa sikelin nan, ta san nata, ta kuma san wa ake kawo wa dalma. Na ga wayar tana sauka a hankali har ta koma gefen zaninta. Shi kuwa ba ya jin Turanci, amma mutumin da ya tsufa a bakin ma'auni ba sai an fassara masa ba. Ya dubi allurar, ya dubi 'yarsa. Ni bai dube ni ba.

Ya sauko. Ya kama babbar rigar da kansa ya zare ta, ya ninke ta tsaf a gaban kowa, ya tsaya a rana haka nan yadda Allah ya mayar da shi. Na miƙa hannu in karɓa. Ya wuce hannuna ya miƙa mata.

"Riƙe min, uwata."

Ta karɓa da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

Ni na ɗauko dalmar, ni na durƙusa na ɗaure ta ƙarƙashin kujera, sannan Kyaftin ya zo ya sake bi. Surukina yana tsaye yana kallon fallayen nan ana jera su. Sai ya ce, ba da kowa ba, "Ikon Allah. Na ƙare ƙuruciyata ina korar yaran da suke zuba tsakuwa a buhu don ya yi nauyi. Yau ga shi ni aka zuba wa."

Ni kaɗai da ita muka ji Hausar. Ba wanda ya yi dariya a cikinmu, kuma na san don a yi dariyar ya faɗa.

Aka zaunar da shi, aka rufe gilashi. A al'adarmu, wani ne yake riƙe bakin fiffike ya yi gudu da shi har jirgi ya samu iska. Na riƙe. Wayar ta miƙe, na yi gudu, fiffiken ya zame daga hannuna, suka tafi. Na bi su da ido har wayar ta faɗo.

Sai aka bar ni a ƙasa da matata.

Na tsaya gefenta da rediyon oba-oba a hannu, don aikina ne in riƙa jin tsayinsu. Ta rungume rigar a ƙirji tana kallon sama. Membobin da suka zo kallon dariya duk sun sami aikin yi, wannan yana goge fiffiken da ba shi da datti, wancan yana naɗe igiyar da take a naɗe. Ma'aji ta zo ta ajiye mana ruwa ta koma. Can Kyaftin ya kama wata iska mai ƙarfi, suka yi ta hawa, suka zama ɗan ɗigo, har sai da na kira shi na ce ya kula, ya kusa taɓa iyakar da aka ara mana. Ya ce ya sani, mutumin gaba ne yake ta nuna masa sama da yatsa. Ita ke nan maganar da na yi duk tsawon lokacin.

Sun daɗe fiye da yadda muke ba baƙo, ba kuma wanda ya yi ƙorafin layi. Da suka sauka aka buɗe gilashin, sai na ga fuskar surukina sosai, karo na farko, don na manta ban sunkuyar da kai ba. Idonsa ya yi ruwa saboda iska ko saboda wani abin, yana ta murmushi.

Ya ce wa 'yarsa, "Ashe shiru ne a can. Uwata, shirwa ta zo daidai kafaɗata, ta dube ni na dube ta. Ta rasa wane ne wannan tsohon."

Sai a nan ta fashe da kuka. Ya ce, "Ke, bari mana. A gaban mutane? Ai ban tafi ba tukuna."

A hanyar komawa bai zauna gaba ba. Ya shiga baya kusa da ita, suna magana ƙasa-ƙasa, ni kuma na zama direba. Na kunna rediyo na rage, na kashe, na sake kunnawa. Kafin mu shigo gari ta gama jin komai: tun yaushe, me likitocin Kano suka ce, da wanda ya sani da wanda bai sani ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin abin da yake gudu. 'Yarsa ce, ba za ta zauna ba. Ta kai shi asibiti, aka ɗaga ranar tafiyarsa, aka sake ɗagawa. Mutumin da ya zo ya ga jikoki ya koma ɗakinsa da mutuncinsa, sai ga shi cikin rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, ana huda shi safe da yamma, a ƙarshe likitocin nan suka faɗi abin da na Kano suka riga suka faɗa. Ni nake kai shi nake dawo da shi. Bai taɓa tayar min da maganar ba. Ya koma yadda yake, "Ki ce wa Malam ya rage sanyin motar." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Mutane sun yi ta ba ni baki. Kyaftin ya ce ai alheri na yi, da ba ta sani ba sai an bugo mata waya. Limamin masallacinmu ya ce komai da sababinsa. Duk na ji, kuma wataƙila gaskiyarsu ne. Sai dai ni na san ba don alheri na ɗaga murya ba. Ina tsoron kar likitar haƙori ta yi min dariya ne.

A zaman kwamiti na gaba na kawo gyara: daga yau matuƙi ne zai tako ya duba sikeli da idonsa, shi da sakatare, ba shela. Na shirya dogon bayani, da abin da zan ce in an kawo maganar inshora. Ba a ko bari na gama ba aka ce an yarda. Wani ma ya ce shi da ma ya daɗe yana mamakin me ya sa muke ihu. Haka dokar da na yi shekaru ina taƙama da ita ta faɗi, ko minti ba ta ci ba.

Ya koma Kano, ya samu ya yi 'yan watanni a ɗakinsa kamar yadda ya so, sannan Allah ya karɓi abinsa. Mun je, mun yi zaman makoki, mun dawo. Ni da mai ɗakina ba mu taɓa zancen ranar nan ba, har na fara zaton an binne ta tare da shi.

Wata Lahadi da yamma muka kai yara bakin tafkin Titiwangsa. Suna can suna tsere da keke, mu muna zaune a benci tana ɓare gyaɗa tana miƙo min. Ba gaira ba dalili ta ce, "Ka san ban riƙe ka ba. Da ba don kai ba, da ban samu na yi jinyarsa ba ko na kwana ɗaya."

Na ce, "Allah ya ji ƙansa."

Ta ce, "Amin." Ta ɓare wata, ta hure ɓawon daga tafinta. "Ya gaya min abin da ya ce maka a kwantenar, da abin da ka amsa. Abu ɗaya kawai nake so in sani, Abban yara. Da mahaifinka ne a kan sikelin nan, da ka ɗaga murya?"